Amsa kan La Henriade ta Voltaire: ina haƙurin addini yake a cikin waƙar yaƙi?

Wani ɗan'uwa da ke karanta Faransanci a jami'a ya turo tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam barka da aiki. An bamu aiki akan doguwar waƙar Voltaire mai suna La Henriade, malaminmu yace waƙa ce akan sarauta da haƙuri tsakanin mabiya addinai. Ni kuma da na leƙa sai naga yabon sarki ne kawai da yaƙe-yaƙe, kuma a ƙarshe ma sarkin barin ɗariƙarsa yayi ya koma ta masu rinjaye. To ina haƙurin yake? Sannan ba wannan Voltaire ɗin bane ya rubuta wasan kwaikwayo na ɓatanci ga Annabi (SAW)?"

To ƙanina, Allah ya ƙara basira. Abin da ka hango yana nan a cikin waƙar, malaminka shima gaskiyarsa, duka biyun suna ciki. Amma bazaka ga inda suka haɗu ba sai ka riƙe zamani biyu a kanka lokaci ɗaya, wato zamanin da waƙar take bada labarinsa, ƙarshen ƙarni na 16, da kuma zamanin da aka rubuta ta, kusan shekara 130 bayan nan. Yawancin ɗalibai na farkon kaɗai suke kallo shi yasa suke ɗaukarta a matsayin kirari kawai.

Daga 1562 zuwa 1598 Faransa ta sha yaƙin basasa har sau takwas, tsakanin 'yan ɗariƙar Katolika waɗanda sune mafi yawa kuma sarki ma nasu ne, da Furotesta mabiya koyarwar Calvin na birnin Geneva, su ake kira Huguenot. Waɗannan basu wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na jama'a ba, amma akwai 'ya'yan sarauta da attajirai da masu sana'a sosai a cikinsu, don haka ba mutanen da za a murƙushe a rana ɗaya bane. Wutar ta kama a watan Maris 1562 a wani ƙaramin gari Wassy, inda mutanen basaraken gidan Guise suka afka wa Furotesta suna tsakiyar ibada. Amma abin da ya fi tsayawa a ran Faransawa har yau shine na 1572. Ranar 18 ga Agusta aka ɗaura auren Henri na Navarre, saurayi ɗan shekara 18, Furotesta, da Marguerite ƙanwar sarki Charles na 9, ita kuma 'yar Katolika. Auren sulhu ne fa, an yi shi don a ɗinke ɓaraka, manyan Furotesta duk suka cika Paris suna cin biki. Kwana huɗu bayan ɗaurin aure aka harbi jagoransu Coligny bai mutu ba, sai daren 24 ga wata, ranar da coci ke tunawa da waliyyi Barthélemy, aka bi su gida-gida ana yankawa. An kwashe kwanaki ana yi a Paris sannan abin ya bazu zuwa Orléans da Lyon da Rouen da Bordeaux da Toulouse. Masana tarihi suna ƙiyasta mutum 2,000 zuwa 3,000 a Paris kaɗai, ƙasar gaba ɗaya kuma wajen 10,000, wasu ma suna kai lissafin sama da haka. Paparoma Gregory na 13 har lambar tunawa ya sa aka buga don murna. Shi kansa angon ya tsira ne saboda ya yarda ya koma Katolika, aka riƙe shi a fada kamar fursuna, sai 1576 ya sulale ya gudu ya koma ɗariƙarsa.

Wannan angon shine gwarzon waƙar taka. A 1584 ƙanin sarki Henri na 3, wanda ya gaji Charles na 9, ya rasu, sarki bashi da ɗa, dokar gadon sarautar Faransa kuma ta maza ce zalla, sai lissafi ya faɗo kan Henri na Navarre. Kaga kenan Furotesta zai hau gadon sarautar ƙasar Katolika. Nan masu tsattsauran ra'ayi suka haɗa ƙungiyar da ake kira Ligue ƙarƙashin gidan Guise, Philip na 2 na Sifaniya yana zuba musu kuɗi, Paparoma Sixtus na 5 kuma ya fitar da Henri na Navarre daga coci a 1585. Rikicin ya kai ga sarki Henri na 3 ya sa aka kashe shugaban Guise a Blois a Disamba 1588, Paris ta yi masa tawaye, dole ya haɗa kai da Henri na Navarre suka zo suka yi wa birnin ƙawanya. A farkon Agusta 1589 wani matashin ɗan zuhudu na ƙungiyar Dominican mai suna Jacques Clément ya nemi ganin sarki wai ya kawo saƙo, ya soka masa wuƙa a ciki. Haka Henri na Navarre ya zama Henri na 4, sarkin da babban birninsa ya rufe masa ƙofa. Ya ci yaƙin Ivry ranar 14 ga Maris 1590, ya sake tsare Paris har yunwa ta kashe dubban mutane, amma sojojin Sifaniya ƙarƙashin basaraken Parma suka zo dole ya janye. Sai 25 ga Yuli 1593 ya shiga cocin Saint-Denis ya karɓi Katolika, aka naɗa shi a Chartres a Fabrairu 1594, ya shiga Paris a Maris. A Afrilu 1598 ya sa hannu a dokar Nantes wadda ta ba Furotesta damar zama da aƙidarsu. A 14 ga Mayu 1610 wani ɗan Katolika mai zafin kai, Ravaillac, ya soke shi a cikin keken dokinsa a titin Paris.

Yanzu zamani na biyu, kuma nan ne mabuɗin. Jikan wannan Henri ɗin, wato Louis na 14, shine ya soke dokar Nantes a Oktoba 1685. Tun kafin nan ma, daga 1681, ana tura sojoji su tare a gidajen Furotesta suna ci suna sha suna wulaƙanta masu gida har sai sun sauya ɗariƙa. Bayan sokewar aka rushe majami'unsu, aka kori limamansu, mutum wajen 200,000 suka tsallake iyaka zuwa Holan da Ingila da Jamus da Switzerland. Voltaire, sunansa na yanka François-Marie Arouet, an haife shi 1694, shekara tara kacal bayan wannan. Ya taso ne a ƙasar da zama Furotesta laifi ne a gaban doka, kuma su kansu Katolikan suna ta cin naman juna tsakanin Jesuit da Jansenist, shi a makarantar Jesuit ya yi karatu, wansa Armand kuma Jansenist ne na gidi. Louis na 14 ya mutu 1715 ya bar sarauta a hannun yaro ɗan shekara biyar, Louis na 15. To ka tsaya ka duba, a irin wannan yanayi matashi ya tashi ya rubuta layi sama da 4,000 yana cewa sarkin da ya fi kowa a tarihin ƙasarmu shine wanda ya taso a Furotesta, ya ƙi yarda a yi kisa da sunan Allah, kuma malaman addini ne suka fi kowa ba shi wahala. Irin abin nan ne da makaɗan fada suke yi a wajenmu, su ɗauko kakan sarki su yi ta wasa shi, ba ya zalunci, ba ya cin na talaka, kowa a fadar ya san da wanda ake. Hannunka mai sanda ne ga yaron sarki, kuma tsinuwa ce ga abin da aka yi a 1685 ba tare da an ambace shi ba.

Hukuma ta gane sarai. Voltaire ya yi aiki akan waƙar lokacin da yake tsare a kurkukun Bastille daga 1717 zuwa 1718, wata goma sha ɗaya, ya so ya sadaukar da ita ga Louis na 15 amma ba a bashi izinin bugawa ba. Sai aka buga ta a ɓoye a Rouen a 1723 da sunan La Ligue, babi tara, aka shigo da ita Paris ta bayan fage. Bayan rigimarsa da wani ɗan gidan Rohan wanda ya sa barorinsa suka lakaɗa masa duka, ya tafi Ingila a 1726, can a Landan a 1728 ya fitar da cikakkiyar waƙar babi goma da sunan La Henriade, ya sadaukar da ita ga sarauniya Caroline. Waƙar da aka yi don ta zama abin alfaharin Faransa, ƙasar Furotesta ce ta karɓe ta. Ka saka wannan a aikinka, hujja ce babba akan cewa mutanen lokacin ba kirari suka ji ba.

Akan tsarinta bazan daɗe ba. Kowane layi gaɓa goma sha biyu ne da ɗan tsayawa a tsakiya, layi bibbiyu suna amsa-amo, shine alexandrin da kuke karantawa a aji. Samfurin da ya bi na Virgil ne, mawaƙin Rumawa: guguwa a teku, gwarzo yana ba wata sarauniya labarin rushewar garinsu, ziyarar lahira, macen da ta kusa shagaltar da shi daga aikinsa. Faransawa sun daɗe suna jin haushin cewa basu da babbar waƙar jarumta irin ta Girkawa da Rumawa. Mawaƙi Ronsard ya gwada da La Franciade, ya shirya littafi 24 amma huɗu kawai suka fito, kuma a 1572 suka fito, shekarar kisan nan, yana yabon zuriyar Charles na 9. Akwai kuma tsohuwar waƙar Roland ta wajen shekarar 1100, wadda a zamanin Voltaire ba a san rubutunta ba sai 1837 aka buga. Ina so ka leƙa ta ko kaɗan ne don kaga nisan tafiyar. A can sarki Charlemagne takobin addini ne, waƙar ta faɗa ƙarara cewa Kirista ne da gaskiya sauran kuma ɓatattu ne, ta siffanta Musulmin Andalus da masu bautar gumaka uku, abin da ke nuna mawaƙin bai san komai akan Musulunci ba, kuma da aka ci birnin Saragossa duk wanda ya ƙi baftisma kashe shi aka yi. Alhali a tarihi ma kwanton ɓaunar da waƙar ta ɗora wa Musulmi, mutanen Basque ne suka yi wa rundunar Charlemagne shi a 778. To Voltaire ya ɗauki irin wannan gidan waƙa, na sarki da doki da takobi, ya juya shi ya zama abokin gabar sarki shine masu kisa da sunan addini.

Ga yadda ya yi. A babi na farko Henri na 3 ya aika Henri na Navarre Ingila neman taimako wajen sarauniya Elizabeth. Wannan tafiya ba a taɓa yinta ba, ƙirƙira ce, amma ya ƙirƙire ta ne don ya samu wurin da gwarzon zai zauna ya bada labari da bakinsa. Babi na biyu shine zuciyar waƙar. Henri ya buɗe da cewa shi bazai yanke hukunci tsakanin Geneva da Roma ba, wato Furotesta da Katolika, ya ga ƙarya da ta'asa a ɓangarorin biyu, kuma ya la'anci siyasar da ke son mulkar zukatan mutane da takobi. Wallahi a Faransar 1723 wannan magana ce mai nauyi, sarkin ƙasa ana sa masa a baki cewa ba aikinsa bane tantance ɗariƙar gaskiya. Daga nan ya shiga labarin daren Barthélemy. Tsoho Coligny ya buɗe ƙofa da kansa ya tsaya gaban makasa, kwarjininsa ya sa suka zube ƙasa, sai ɗaya mai suna Besme ya kawar da kai ya soke shi don bazai iya kallon fuskarsa ba, aka kai kansa wajen uwar sarki Catherine de Médicis. Ya nuna shi kansa sarki Charles yana ɓata hannunsa da jinin talakawansa, ya nuna kogi yana tafiya da gawarwaki. Wannan wurin daga zuciyarsa ya fito, don shi da kansa ya rubuta a wasiƙunsa cewa duk shekara ranar 24 ga Agusta zazzaɓi ke rufe shi.

Tunda bazai iya kawo gumakan Girkawa cikin labarin Kiristoci ba, sai ya mayar da halaye suka zama mutane masu tafiya da magana: Fitina, Siyasa, Tsattsauran Ra'ayi, Gaskiya. Ka lura da hanyar da suke bi domin nan ra'ayinsa yake. Fitina ta tashi ta tafi Roma, a fadar Paparoma ta samo Siyasa, su biyun suka sace tufafin Addini na gaskiya wadda ke zaune can gefe cikin tawali'u, suka sa, suka zo Paris suka ruɗi malaman addini na jami'ar Sorbonne har suka bada fatawar cewa biyayya ga sarki ta faɗi. Wato a ganinsa ba addini ke kunna wutar ba, masu neman mulki ne ke aron rigarsa. A babi na biyar Fitina ta kirawo Tsattsauran Ra'ayi daga wuta, Voltaire ya jero tarihinsa: shine ya sa mutanen dā suna ƙona 'ya'yansu ga gunki, shine ya sa Rumawa suka azabtar da Kiristocin farko, da Kiristoci suka samu mulki sai ya koma cikin coci ya mayar da waɗanda aka zalunta jiya azzalumai, shine ke hura wutar da ake ƙona Yahudawa a Madrid da Lisbon. Sai ya ɗauki siffar marigayi Guise ya zo wa Jacques Clément a mafarki ya miƙa masa wuƙa. Abin da ya fi taɓa ni a nan shine bai nuna Clément a matsayin ɗan daba ba, yaro ne mai ibada, mai sauƙin kai, ya yi azumi ya yi addu'a ya tafi yana da yaƙinin aljanna yake nema. Duk wanda ya rayu a arewa cikin shekarun nan ya san irin wannan yaron, kuma ya san akwai manya a bayansa da basa zuwa inda suke tura shi.

Babi na bakwai waliyyi Louis, wato sarki Louis na 9 kakan gidansu, ya ɗauki Henri a mafarki ya kai shi sama da kuma lahira. Henri ya ga al'ummomin duniya gaban shari'ar Ubangiji, ya tambaya ko Allah zai azabtar da mutane akan saƙon da bai taɓa isa gare su ba, waƙar kuma ta karkata ga cewa akan adalci da abin da zuciya ta sani za a yi hisabi. A wannan wurin ya tsokani mabiya addinai da dama harda Musulmi, in ka karanta zaka gani. A wuta kuma azzaluman sarakuna da munafukan malamai ya zuba. Babi na takwas yaƙin Ivry ne, inda wani tsohon jarumi d'Ailly ya kashe abokin karawarsa, da ya cire masa hular ƙarfe sai yaga ɗansa ne. Na tara soyayyarsa ce da Gabrielle d'Estrées, wannan zaka iya wucewa da sauri, sai dai ka riƙe cewa wanda ya je ya janyo shi daga shagala amininsa ne Mornay, Furotesta, wanda waƙar ta ba matsayin mutumin da ya fi kowa hankali da gaskiya. A bugun farko Sully, wazirin Henri, ne ke wannan matsayi, Voltaire ya cire shi bayan jikan gidan Sully ya ƙi tsaya masa a rigimar Rohan.

Babi na goma ne amsar tambayarka akan wace irin sarauta. Paris tana cikin ƙawanya, yunwa ta kai ana niƙa ƙasusuwan maƙabarta a yi burodi, wata uwa ta kashe ɗanta don ta ci, masu wa'azin Ligue kuma suna ta cewa a daure mutuwa ta fi a bi sarki ɗan bidi'a. Sai sarkin da suke tsinewa ya ji tausayinsu ya sa a basu abinci. A tarihi an san ya bari wasu talakawa suka fita daga birnin, Voltaire ya faɗaɗa abin ya maida shi ma'aunin sarauta: sarki uba ne har ga waɗanda suka ɗaga masa takobi, haƙƙinsa ne ya ciyar da su ya tsare jininsu, abin da ke zuciyarsu kuma tsakaninsu da Mahaliccinsu. Tun layukan farko ya ce zai waƙe wanda ya ci talakawansa da yaƙi kuma ya zama ubansu, ya iya nasara ya iya yafiya. Bayan ciyarwar ne Gaskiya ta sauko daga sama ta buɗe wa Henri ido, ya karɓi Katolika, ƙofofin Paris suka buɗe, waƙa ta ƙare.

Nan kuma ina tare da kai. Ƙarshen yana da rauni kuma bai kamata ka ɓoye shi a aikinka ba. Voltaire ya haɗe shekara huɗu, 1590 zuwa 1594, kamar abin kwana biyu, ya share zuwan sojojin Parma, ya mayar da sauya ɗariƙar da kowa ya san akwai lissafin siyasa a ciki ta zama wahayi. Maganar nan da ake jingina wa Henri cewa Paris ta cancanci a halarci ibadar Katolika saboda ita, babu tabbacin ya faɗa, kada ka kawo ta a matsayin hujja. Amma mutumin da ya ce bazai zaɓa tsakanin Geneva da Roma ba a babi na biyu, ga shi a babi na goma sama ta zaɓar masa Roma. Kuma labarin ya tsaya kafin 1598, wato dokar Nantes, aikin da ya fi komai nuna haƙurin da ake magana, bata cikin abin da waƙar ta bada labari. Wani ɓangare tsoron hukuma ne, wani ɓangare kuma iyakar tunanin ne. Haƙurin da ke cikin La Henriade kyauta ce daga sarki nagari, ba haƙƙi bane da talaka zai tsaya ya nema. Ita kanta dokar Nantes haka take, ta ba Furotesta 'yancin aƙida da riƙe muƙamai da kotuna masu alƙalan ɓangare biyu da wasu garuruwan tsaro irin La Rochelle, amma ta hana su ibada a Paris da kewayenta, ta ce su ci gaba da biyan zakkar cocin Katolika, sashenta na farko kuma umarni ne a manta da duk abin da ya faru kamar ba a yi ba. Abin da sarki ya bayar sarki na iya karɓewa, an ƙwace garuruwan a 1629 bayan faɗuwar La Rochelle, saura kuma jikansa ya kwashe a 1685. Voltaire ya ga sakamakon wannan da idonsa amma maganin da ya kawo shine a sake samun wani Henri. Ni a ganina nan ne waƙar ta gaza, ta gano cutar daidai amma ta rataya lafiyar ƙasa gaba ɗaya akan halin mutum ɗaya.

In kana son jin muryar waɗanda aka yi wa abin, nemi Les Tragiques ta Agrippa d'Aubigné, an buga 1616, littafi bakwai. Shi Furotesta ne, ya yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa da Henri, kuma bai taɓa yafe masa komawa Katolika ba. Waƙarsa babu sulhu a ciki, kuka ne da fushi da jiran ranar hisabi, ya siffanta Faransa da uwar da tagwayenta ke faɗa akan ƙirjinta har nono ya koma jini. Ta fi ta Voltaire zafi nesa ba kusa ba, kuma yau masana sun fi girmama ta.

Sai tambayarka ta biyu. E, shine. Wasan an fara nuna shi a Lille a 1741, labarin ƙarya ne tsagwaronta kuma cin mutunci ne ga Manzon Allah (SAW), shi kansa Voltaire ya amsa a wasiƙarsa ga sarki Frederick na Prussia cewa ya san abin da ya gina wasan a kai bai faru haka ba. Masana da yawa suna cewa cocin Katolika yake nufi ya fake da Musulunci, kuma lallai a 1742 an dakatar da wasan a Paris bayan nuni uku saboda masu addinin can sun ji da su ake. Amma ni ban ɗauki wannan a matsayin uzuri ba, mutumin da ke wa'azin adalci ya ƙaga wa Annabin wata al'umma ƙarya don ya tsira daga hukumar garinsu, wannan zalunci ne. Yana da munanan maganganu akan Yahudawa ma. Haka kuma shi ɗin ne a 1763, cikin littafinsa akan haƙuri da juna, ya kafa wa Faransawa misali da daular Usmaniyya inda Sarkin Musulmi ke mulkin al'ummomi masu addinai daban-daban lafiya, Kiristocin Girka na zaune a Istanbul da limamansu. Wannan littafin ya rubuta shi ne saboda Jean Calas, wani ɗan kasuwa Furotesta da aka kashe ta hanyar azaba a Toulouse a Maris 1762 bisa zargin ya kashe ɗansa don kada ya koma Katolika. Voltaire ya tsaya da alƙalaminsa da kuɗinsa har aka wanke mamacin a 1765. Sai 1787, bayan mutuwarsa da shekara tara, Louis na 16 ya mayar wa Furotesta 'yancin rajistar aure da haihuwa. Kai ɗalibi ne, ka rubuta duka biyun yadda suke, ba sai ka so mutum ba kafin ka fahimci hujjarsa, kuma fahimtar bata wajabta maka yafe masa abin da ya yi.

A zamaninsa waƙar ta yi tashe ƙwarai, an sake bugata sau da yawa, an fassara ta, yara na haddacewa a makaranta, har a 1818 da aka sake kafa mutum-mutumin Henri na 4 akan gadar Pont-Neuf an saka kwafinta a cikinsa. Yau kuwa ko a Faransa kaɗan ne ke karantawa, littattafansa Candide da Zadig aka fi sani, haka ma 'yan'uwanmu na Nijar da suka yi lise, wato sakandare. Dalili kuwa baitocin sun cika santsi, su Fitina da Siyasa basu da jini a jika, shi Henri ɗin ma ya cika kamala har baka jin mutum ne. Don aikinka ka karanta babi na 2 da na 5 da na 10 da kyau, layi-layi da ƙamus a gefe, Faransancin ba mai wuya bane in ka saba da juya jimla irin ta waƙa. Ka karanta bayanan da Voltaire ya saka da kansa a ƙarshen kowane babi don a nan yake nuna inda ya bi tarihi da inda ya ƙirƙira. Sannan ka ɗora jawabin Henri na babi na 2 kusa da sashe na farko na dokar Nantes da kuma dokar 1685 da ta soke ta, ka gina hujjarka akan waɗannan ukun. Allah ya bada sa'a.